Takardar Bayani ga Majinyacin Tiyatar Yini Ɗaya: Abin da Za ta Ƙunsa da Yadda Za a Rubuta Ta

Gabatarwa

Mai karatu, an shirya wannan bayani ne domin ma'aikatan kiwon lafiya, da ƴan kwamitocin kula da asibitoci, da malaman yaƙi da jahilci, da duk wanda wata rana zai raka ɗan'uwansa gidan likita a yi masa aiki. Batunsa shi ne takardar da ake bai wa majinyacin da za a yi wa tiyata da safe, a sallame shi kafin dare.

Mutumin da aka kwantar a asibiti bayan aiki yana da masu duba shi dare da rana. Su ke ba shi magani a kan lokaci, su ke lura idan jini ya ɓalle ko jiki ya yi zafi. Wanda aka sallama a ranar aiki kuwa, dukan wannan hidima ta koma hannun iyalinsa, wataƙila a ƙauyen da ke nesa da hanyar mota. Abin da asibiti ke iya aikawa tare da shi bai wuce magani da ƴar takarda ba. Saboda haka wajibi ne a ɗauki rubuta wannan takarda a matsayin wani sashe na jinyar kanta.

Mece ce tiyatar yini ɗaya?

Tiyatar yini ɗaya, wadda ake rubutawa chirurgie ambulatoire a takardun Faransanci, ita ce aikin fiɗa da aka tsara tun da wuri, majinyaci ya zo a yi masa, ya huta na ƴan awoyi, ya koma gida ba tare da ya kwana a gadon asibiti ba. Hanya ce mai daɗaɗɗen tarihi. A shekarar 1909 wani likita mai suna James Nicoll na birnin Gilasgo, a ƙasar Sikotilan, ya ba da rahoton ayyuka kusan 9,000 da aka yi wa yara aka sallame su a ranar. A 1955 likita Eric Farquharson na birnin Edinbara ya nuna cewa ana iya yi wa manya aikin gwaiwa da allurar kashe wuri, su taka da ƙafarsu su tafi gida. A yau, a ƙasashe da dama, mafi yawan ayyukan da aka tsara da wuri ta wannan hanya ake yin su.

A ƙasarmu ayyukan da suka fi shiga wannan rukuni su ne cire yanar ido, da gyaran fatar ido ga wanda amodari ya lanƙwasa wa gashin ido yana gogar ƙwayar, da kaciya, da cire ƙananan ƙari, da tsaga maruru, da wani sashe na ayyukan gwaiwa. Aikin gashin ido ma'aikatan jinya da aka horar ne ke yin sa, har a cibiyoyin CSI da zagayen ƙauyuka, musamman a jihohin Maraɗi, Damagaram da Difa inda amodari ya daɗe yana ɓarna, tare da tallafin Cibiyar Carter da ƙungiyar Helen Keller. A aikin yanar ido, wasu asibitoci na sallama a ranar, wasu kuma sukan ce majinyaci ya kwana kusa domin a buɗe idon da safe. Ko ta yaya aka yi, makonnin jinya a gida ake yin su.

Amfanin wannan tsari a fili yake: kuɗin gado ya ragu, masu jinya ba su bar gona da kasuwa na kwanaki ba, gado kuma ya samu ga wanda ciwonsa ya fi tsanani. Amma amfanin yana tabbata ne kawai idan na gida sun san abin da za su yi.

Me ya sa faɗa da baki ba ya wadatarwa?

Ku tuna halin da majinyaci ke ciki lokacin da ake yi masa bayani. Kafin aiki tsoro ya cika masa zuciya. Bayan aiki yana cikin gajiya da raɗaɗi, ko kuma maganin barci bai gama sakin sa ba. Mai rakiyarsa kuma hankalinsa na kan kuɗin magani da motar komawa. Wani nazari da Roy Kessels ya wallafa a 2003 ya nuna cewa majinyata kan manta kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na bayanin likita nan take, kuma kusan rabin abin da suka riƙe ba daidai suka riƙe shi ba. Gwargwadon yawan bayanin, gwargwadon yawan abin da ke zubewa.

Akwai kuma wata matsala ta gida. Wanda ya ji bayani a asibiti sau da yawa ba shi ne zai yi jinya ba. Ɗan tsoho ne ya raka shi, amma matarsa ko jikarsa ce za ta riƙa ɗiga masa magani. Maganar da ta bi baki uku kafin ta isa ga mai aiki da ita ba ta isa yadda ta fito. Ga maƙwabta masu zuwa gaisuwa, kowa da shawararsa. Takarda ita ce shaidar da iyali za su koma gare ta idan gardama ta tashi.

Wa zai karanta?

Wannan ita ce tambayar farko da mai rubutu zai yi wa kansa. Bisa ƙididdigar hukumar UNESCO ta shekarar 2022, manyan da ke iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma adadin mata ya fi na maza ƙanƙanta. Masu yanar ido kuwa yawancinsu tsofaffi ne, kuma a kwanakin farko idon a rufe yake ko bai gama washewa ba. Kada wannan ya sa ku ce takarda ba ta da amfani. Da wuya a rasa mai karatu a gari: ɗan makaranta, ko macen da ta fito daga ajin yaƙi da jahilci, ko malamin allo, ko wakilin kiwon lafiya na ƙauye. Abin da ya kamata ku gane shi ne, takardarku za a karanta ta ne da babbar murya, a hankali, ga mutanen da ke saurare. Ku rubuta ta yadda za ta yi daɗin ji a kunne, mai karatu kuma ba zai yi tuntuɓe ba.

Daga nan sai batun harshe. Takardar Faransanci zalla tana amfanar ma'aikaci, amma ba ta isa ga yawancin iyalai. Abin da ya fi dacewa shi ne fuska ɗaya ta takardar ta zama da Hausa, ɗaya fuskar kuma da Faransanci, ɗauke da sunan aikin da magungunan, domin ma'aikacin CSI da za a je wurinsa idan matsala ta taso. Kundin da aka kafa a watan Maris na 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da haka, asibitin da ke karɓar Zabarmawa, Fulani, Abzinawa ko Barebari, kamar yadda ake gani a Yamai, Tawa da Damagaram, ya kamata ya tanadi takardar da harsunansu. Inda masu karatun allo suka fi yawa, a fitar da ita da ajami, da irin rubutun da suka saba gani a allo, kuma a bai wa malamin da ya ƙware ya rubuta.

Ku tambayi majinyaci tun farko: “Wa zai karanta maka wannan a gida?” Dattijon da aka yi wa aikin gwaiwa ba zai so ƴarsa ko surukarsa ta karanta masa bayanin al'aurarsa ba, kuma idan kunya ta kama shi, ɓoye takardar zai yi. A fuskar Hausa a rubuta abin da masu jinya ke bukata kawai. Sirrin ciwo ya tsaya tsakanin majinyaci da likitansa.

Takarda ta farko: ta shiri

Bayani kashi biyu ne, kuma kowane kashi da lokacinsa. Takarda ta farko ana ba da ita ne ranar da aka tsayar da ranar aiki, domin iyali su samu kwanakin shiri. Ga abin da za ta ƙunsa:

1. Sunan aikin da bayaninsa cikin jimla biyu ko uku, da irin kashe zafin da za a yi: allurar kashe wuri, ko allurar baya mai kashe rabin jiki, ko maganin barci.

2. Rana, da lokaci, da ƙofar da za a nufa a cikin asibiti.

3. Ƙa'idar ci da sha. Ga wanda za a sa barci ko a yi wa allurar baya, ƙa'idar da masana kashe zafi suka fi bi ita ce a daina cin abinci awa 6 kafin aiki, a daina shan ruwa zalla awa 2 kafin aiki. A faɗi dalili: idan ciki na da abinci, yana iya tasowa lokacin barci ya shiga huhu, kuma wannan na iya kisa. Mutum ya fi kiyaye dokar da ya san dalilinta. Ga aikin da ake yi da allurar kashe wuri kawai, asibitoci da yawa na barin a ci abu kaɗan. A rubuta abin da likitan wurin ya tsayar.

4. Magungunan da majinyaci ke sha. Mai ciwon suga, da mai hawan jini, da mai amosanin jini, da mai shan aspirin ko wani maganin tsinka jini, kowa ya zo da kwalayen magungunansa, likita ya rubuta masa wanda zai sha da wanda zai dakatar. A ambaci jiƙo da sauran magungunan gargajiya da sunansu, domin mutane da yawa ba su lissafa su cikin magani idan aka tambaye su.

5. Mai rakiya. Tilas ne babban mutum mai hankali ya raka majinyaci gida, ya kuma kwana tare da shi daren farko. A faɗa a fili cewa idan babu mai rakiya ana iya ɗage aikin. A kuma shirya abin hawa tun da wuri, domin wanda bai gama farfaɗowa daga maganin barci ba bai kamata ya hau bayan babur ba.

6. Tsabta da sutura: wanka da sabulu, tufafi masu faɗi, ban da kwalli ko tozali ga mai aikin ido. Kada majinyaci ya aske wurin aikin da reza a gida, domin ƙananan yankan reza ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

7. Kuɗin da za a biya da abin da kuɗin ya ƙunsa, ko bayanin cewa aikin kyauta ne.

8. Abin da za a yi idan majinyaci ya kamu da masassara, tari, ko ciwon ido kafin ranar.

Wannan takarda daban take da takardar amincewa da majinyaci ke sa wa hannu ko dangwala yatsa, kuma ba ta maye gurbin zaman da likita zai yi da shi ya bayyana masa amfanin aikin da haɗarinsa.

Takarda ta biyu: ta sallama

Ita ce ake miƙawa ranar aiki, a gaban mai rakiya. Tana amsa tambayoyi biyar.

Me za a ji wanda ba abin tsoro ba ne? Ɗan raɗaɗi, ɗan kumburi, jiri ko tashin zuciya a ranar farko. Idan ba a faɗa ba, iyali za su firgita a kan ƙaramin abu, ko su nemi maganin ƴan tebur.

Wane magani, nawa, yaushe, har kwana nawa? A rubuta iyakar da ba a wucewa. Babban mutum mai cikakken nauyi ba ya wuce ƙwaya 8 ta farasitamol mai miligiram 500 a cikin awa 24, kuma likita na iya rage wannan adadi ga tsoho, ko ramamme, ko mai ciwon hanta. A gargaɗi iyali kada su ƙara da tiramol ko wata ƙwayar da aka saya a bakin hanya.

Yaya za a kula da wurin aikin? Yaushe za a canza bandeji, wa zai canza, yaushe za a yi wanka, yaushe za a cire zare.

Me aka hana, har yaushe? Wanda aka sa barci ba ya tuƙi, ba ya hawa babur ko dabba, ba ya aiki kusa da wuta, ba ya ƙulla ciniki ko sa hannu a takarda har awa 24. Sauran hani ya danganta da irin aikin.

Waɗanne alamu ne ke sa a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka sa ba? Jinin da ya ƙi tsayawa bayan an danne wurin minti 10, zafin jiki, raɗaɗin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ruwa ko mugunya mai wari daga wurin aikin, kasa yin fitsari, amai ba ƙaƙƙautawa, wahalar numfashi. A nan akwai abin lura ƙwarai: a wurinmu duk zafin jiki sunansa zazzaɓin sauro. A rubuta ƙarara cewa wanda jikinsa ya yi zafi bayan aiki ya je a duba shi, ya nuna takardar, ya faɗa cewa an yi masa tiyata. A ƙarƙashin alamun a sa lambar wayar da ake ɗauka dare da rana, da sunan cibiyar lafiya mafi kusa da garin majinyacin.

Kalmomin da ke ruɗar da mutane

Yawancin kurakuran takardun bayani daga fassara suke fitowa. Ga waɗanda suka fi yawa:

Azumi. Idan kuka fassara à jeun da “ka zo da azumi”, mai sauraro zai fahimci cewa yana iya yin sahur da asuba, sa'an nan a shiga da shi aiki ƙarfe 8 da cikinsa cike. Ku rubuta: “Daga ƙarfe kaza na dare kada ka ci kome.”

Abinci da abin sha. A wurin Bahaushe fura, kunu, koko da nono shan su ake yi, ba a cin su. Wanda aka ce wa “kada ka ci abinci” zai sha fura kwanya guda da zuciya ɗaya, ya kuma rantse bai ci kome ba. Ku jera su da sunansu: tuwo, fura, kunu, koko, nono, shayi mai madara, goro, dukansu an hana.

Sau uku a rana. Wannan bai faɗi lokaci ba. Ku ɗaura shi a kan abin da kowa ke ji a gari: da asuba, da azahar, da lokacin kwanciya. Tsakanin waɗannan kusan awa 8 ne. Ku ƙara da ƙarfe nawa domin masu agogo da waya.

Kwana takwas. A bakin masu Faransanci huit jours mako ɗaya ne, quinze jours kuma mako biyu. Ku rubuta sunan ranar da kwanan wata: “Talata, 14 ga wata.” Idan ranar ta dace da kasuwar garin da asibitin yake, ku faɗa, domin ranar ce mota ke samuwa.

Aiki mai nauyi. Manomi ba ya ɗaukar jan guga a matsayin aiki mai nauyi, haka mace ba ta ɗaukar daka. Ku ambaci ayyukan: daka, jan ruwa a rijiya, ɗaukar buhu ko tulu, noma, faskare, sussuka.

Cokali. Cokula sun bambanta, ludayi ma wani ya kira shi cokali. A ba da ma'aunin da ya zo da maganin, a yi masa alama.

Tsarin rubutu da zane

Wanda ya koyi karatu da girma yana bin kalma ɗaya bayan ɗaya, kuma idan jimla ta yi tsawo, kafin ya kai ƙarshenta ya manta farkonta. Saboda haka kowace jimla ta ɗauki umarni ɗaya, kada ta wuce kalma 10 zuwa 12. A fara da abin da za a yi, dalili ya biyo baya. A yi amfani da kalma ɗaya ga abu ɗaya daga farko har ƙarshe. Baƙaƙe su zama manya, ma'auni 14 ko fiye, baƙi a kan fari, da sarari tsakanin layuka. A guji rubuta jimla duka da manyan baƙaƙe, domin sabon mai karatu da ƙananan ya saba. Alamun haɗari a kewaye su da akwati.

A bi ƙa'idar rubutun Hausa da ma'aikatar ilimi ta tsayar a 1999, wadda ake koyarwa a azuzuwan yaƙi da jahilci. A tabbata na'urar bugu tana fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Rashin lanƙwasa na canza ma'ana: “kafa” da “ƙafa” ba ɗaya ba ne, haka “bari” da “ɓari”.

Zane na taimakawa ƙwarai idan an haɗa shi da bayanin baki. A wani gwaji da Peter Houts da abokan aikinsa suka yi a Amurka a 1998, mutanen da suka saurari umarnin jinya kawai sun tuna kashi 14 cikin 100, amma da aka haɗa musu da zane sun tuna kashi 85. A Afirka ta Kudu, Ros Dowse da Martina Ehlers sun nuna a 2005 cewa masu ƙarancin karatu sun fi fahimtar yadda ake shan magani, sun kuma fi kiyaye shi, idan akwai zane a jikin kwalin. Wani bincike nasu kuma ya nuna cewa zanen da aka yi a cikin ƙasa, da kamannun mutanen wurin, ya fi wanda aka kwaso daga waje saurin ganewa. Ku zana turmi da taɓarya, da guga, da murhu, da mutum cikin tufafin da aka sani. Ku zana mutum sukutum, domin hoton ido shi kaɗai ko hannu yankakke na ruɗar da wanda bai saba kallon zane ba. Kada ku ɗauka kowa ya san cewa gicciyen layi a kan hoto na nufin hani. Sai an faɗa.

Misali: takardar sallama bayan cire yanar ido

Yanar ido ita ce kan gaba wajen jawo makanta a duniya, kuma aikinta na cikin waɗanda aka fi yi a ƙasarmu. Ga samfurin da kowane asibiti zai gyara bisa ƙa'idar likitansa:

“An cire maka yanar idon ........ ranar ........
Kada ka buɗe bandejin da kanka. Ka dawo gobe da safe, ƙarfe ........
Kada ka murza idon, ko da yana ƙaiƙayi.
Mai ɗiga magani ya wanke hannu da sabulu.
Ɗigo ɗaya ya isa. Kada bakin kwalbar ya taɓa idon.
Idan magani biyu ne, a jira minti 5 tsakaninsu.
A ɗiga da asuba, da azahar, da magariba, da lokacin kwanciya.
Kada a daina ko da ido ya washe, sai ranar ........
Ka rufe idon da marufin da aka ba ka kafin ka kwanta.
Kada ruwa ko sabulu su shiga idon. A goge fuska da tsumma mai tsabta.
Ban da kwalli, tozali, zuma, nonon mace, ko ruwan ganye a idon.
Ka nisanci hayaƙin murhu, da ƙura, da wurin shiƙa.
Ban da daka, jan ruwa da ɗaukar kaya har ranar ........
Ka dawo a ranar, ko da dare ne, idan: zafin idon na ƙaruwa, ko gani na raguwa bayan ya fara washewa, ko idon ya yi jawur ya kumbura, ko yana fitar da mugunya. Jinkirin kwana ɗaya na iya sa a rasa idon.
Lambar waya: ........”

Tambayar da tsofaffi suka fi yi, wasu kuma suke jin nauyin yi, ita ce ta alwala da sujada. Kada takarda ta yi shiru a kanta. Likita ya rubuta kwana nawa za a yi ba a zuba ruwa a idon ba, da kwana nawa ba a duƙar da kai ƙasa ba. Addini ya yi sassauci ga majinyaci, kuma malamin garinsa zai nuna masa yadda zai yi. Haka nan idan jinya za ta faɗo cikin watan azumi, a tattauna batun tun ranar da ake tsayar da lokacin aiki, domin kada a daina magani a ɓoye.

Ku gwada kafin ku buga

Takardar da ma'aikata suka rubuta a ofis, su kaɗai suka karanta, ba a san ingancinta ba tukuna. Ku nemi mutum 10 irin waɗanda za su yi aiki da ita: mata da maza daga ajin yaƙi da jahilci, ɗan aji biyar ko shida na firamare, da tsofaffin da za a karanta wa. Kada ku tambaye su “kun gane?”, domin ladabi zai sa su ce sun gane. Ku tambaye su abin da za su aikata: “Baba ya tashi da asuba ranar aiki yana jin yunwa, me za ki ba shi?” “Kwana uku bayan aiki idon ya fara zafi da dare, me za ka yi?” Ku nuna zane ba tare da rubutu ba, ku ce su faɗi abin da suka gani. Duk inda mutum 2 ko fiye suka kauce, laifin takarda ne, sai a gyara a sake gwadawa. Likitan da ke yin aikin ya duba ta a ƙarshe, a rubuta shekarar bugu a ƙasa, a kuma sabunta ta duk lokacin da magani ko lambar waya ta canza.

Yadda ake miƙa ta

Ma'aikaci ya zauna da majinyaci da mai rakiyarsa, ya karanta takardar da murya yana nuna layi da yatsa, ya cike guraben da hannunsa. Ya ɗiga maganin farko a gabansu, sa'an nan mai rakiya ya gwada. Daga nan ya ce: “Baba, don in tabbata na yi bayani daidai, faɗa mani abin da za ku yi idan kun isa gida.” Ta haka nauyin kuskure na kan mai bayani, dattijo kuma bai ji an yi masa jarrabawa ba. Wannan ba ya cin fiye da ƴan mintoci. Idan iyalin na da waya, ana iya naɗar karatun takardar da murya a tura musu ta WhatsApp ko a sa musu a katin waya, su riƙa saurare a gida. A sa takardar cikin leda tare da magungunan, domin ta tsira daga gumi da ruwan sama.

Ga majinyaci da iyalinsa

Idan kai ne za a yi wa aiki, ko ke ce mai jinya, kada ku bar asibiti sai kun san abu huɗu: yadda za a sha ko a ɗiga kowane magani, abin da aka hana da ranar da hanin zai ƙare, alamun da ke sa a komo da gaggawa, da ranar komawa. Idan ba a ba ku takarda ba, ku roƙi ma'aikaci ya rubuta muku waɗannan a bayan takardar magani. Tambaya ba rashin ladabi ba ce ga likita. Da kun isa gida, a tara masu jinya a karanta musu tun a daren farko, a ajiye takardar inda kowa ya sani, a kuma riƙe ta duk lokacin da za a je wata cibiyar lafiya.

Kammalawa

Buga takarda ɗaya bai kai kuɗin ƙwayar magani kaɗan ba, amma rashinta na iya jawo a ɗage aiki bayan iyali sun biya mota daga nesa, ko a rasa idon da likita ya gyara da kyau. Asibiti na da sanin jinya, cibiyoyin yaƙi da jahilci kuma na da sanin yadda mutanenmu ke karatu, da masu karatun da za a gwada takarda a kansu. Muna kira ga shugabannin asibitoci da kwamitocinsu su nemi malaman yaƙi da jahilci na yankinsu, su zauna tare, su fara da aiki ɗaya da aka fi yi a wurinsu, su fitar masa da takarda biyu, ta shiri da ta sallama. Idan waɗannan sun karɓu, sai a wuce zuwa aiki na gaba.